Mota tana misin yau, gobe lafiya lau: daga ina ake fara bincike?

Mai Tsohuwar Mota:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Motar ƙirar 1999 ce, mai fetur, silinda huɗu, injekta gare ta ba kafireta ba, giyar hannu, ta ci kilomita wajen 280,000. Ba ta da distiributa, koyil biyu ne, kowanne da wayoyin fulogi biyu. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi tafiyarta sumul. Sai an yi minti ashirin zuwa talatin, injin ya ɗauki zafi, sannan ta fara fizga, musamman a giya ta huɗu ko ta biyar idan aka taka totur a hawa. Ta fizga sau biyu ko uku ta daina. Wata rana ko sau ɗaya ba za ta yi ba. Wutar cek injin ta taɓa ƙyaftawa na 'yan daƙiƙu ta mutu. An canza fulogi huɗun wata biyu da suka wuce, an canza filtar mai, babu abin da ya sauya. Yanzu an ce a canza famfon mai. In canza?

Baban Gareji:
Wa alaikumus salam. Malam, dakata da famfon nan tukuna. Yana iya jawo haka, amma ba a yanke masa hukunci sai an ɗora masa geji mai auna matsin mai.

Misin ma'anarsa silinda ta yi zagayenta ba ta ƙone man da aka zuba mata ba. Abu uku ne ke hana ƙonewa: wuta ba ta zo ba ko ta zo da rauni, cakuɗin mai da iska bai yi daidai ba, ko kuma silindar ba ta riƙe matsi. A ciwon da ke zuwa yana tafiya, lokacin zuwansa shi ne babbar shaida. Naka ya faɗi abu biyu: sai injin ya yi zafi, kuma sai an ɗora masa nauyi a babbar giya yana juyi kaɗan. Wannan ya fi kama da wuta.

Ga dalili. Idan mota tana silo, totur a rufe, iskar da ke shiga silinda kaɗan ce, volt dubu goma ma ya ishi tartsatsi ya tsallake bakin fulogi. Da ka taka a giya ta biyar a hawa, silinda ta cika da iska, matsi ya hau, sai tartsatsin ya nemi volt dubu ashirin ko fiye kafin ya tsallaka. Ita kuwa wuta hanya mafi sauƙi take bi. In akwai tsaga a jikin koyil, ko robar waya ta ƙone, ta nan za ta fice ta bi jikin injin, fulogi ya tashi a tutar babu. Zafi yana buɗe tsagar, yana kuma raunana abin da aka lulluɓe naɗin koyil da shi.

Famfon da ya gaji ya fi tona kansa a sama, inda injin ke shan mai da yawa, juyi 4,000 a minti zuwa sama. Kuma abin da za ka ji ba fizga mai kaifi ba ce, mota ce za ta saki jiki kamar an riƙe ta ta baya. Gwada wannan: a hawan da take fizga a giya ta biyar, sauko ta uku ka taka sosai. In ta tafi sumul, da wuya famfo ne, domin a lokacin ne ta fi neman mai.

Mai Rewaya:
Kafin a taɓa ko sukudireba, a sa mata na'urar karanta lambobin matsala. Motar 1999 akwai yiwuwar tana da soket ɗin OBD2 mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996 suke da shi, na Turai masu fetur kuwa sai 2001 ya zama dole, don haka duba naka ka gani. Kada ka bari a cire kan batir da sunan goge wuta, shaidar ce ake gogewa.

Abu uku za ka nema. Na farko lambobin da aka ajiye: P0300 misin ne da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar injin, ta kasa danganta shi da silinda ɗaya, P0301 zuwa P0304 kuma lambar ƙarshe ita ce silindar. Na biyu lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda ba su kai ga kunna wuta ba. A irin ciwonka nan ne amsa ta fi zama, kuma da yawa ba sa buɗe wannan shafin. Na uku bayanan da ƙwaƙwalwa ta ɗauka a daidai lokacin da ta ajiye lambar: juyin injin, zafin ruwa, nauyi, gudu, da gyaran mai. Rubuta su duka a takarda.

Ƙyaftawar wutar nan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Idan ta tsaya cak a kunne, matsala ce da za a iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, misin ɗin ya kai matakin da ɗanyen fetur ke zuba cikin katalis, abin tace hayaƙi da ke layin salansa, yana ƙonewa a can, yana iya narkar da shi. Duk lokacin da ta ƙyafta, ɗaga ƙafa daga totur.

Tsohon Hannu:
Baban Gareji, ban ƙi taka ba, amma ka yi saurin wanke famfo. Famfon da gawayinsa ya cinye yana aiki daidai in yana da sanyi, bayan rabin sa'a ya yi zafi ya fara ja da baya, ya fi yi ma idan man tanki ya yi ƙasa, tunda man ne ke sanyaya shi. In matsin mai ya faɗi, cakuɗi ya yi tsinke, shi kuma cakuɗi mai ƙarancin mai ya fi wuyar kamawa da wuta. Sai ka ga alamar wuta, alhali tushen a tanki yake.

Gwajin ba wuya. A ɗaura geji a layin mai. A motar da regiletanta, wato mai daidaita matsin mai, ke da tiyon iska, a silo za ka ga wajen bar 2.5, da ka zare tiyon ya hau zuwa wajen bar 3. Ainihin adadin yana cikin littafin motar. Amma awon da aka yi mota tana tsaye da sanyi ba ya kama ciwon da ke zuwa da zafi a hawa. A ja tiyon gejin a ɗaure shi a bayan gilashin gaba ta waje, yadda wanda ke gefen direba zai gani, a je hawan nan. Kada a shigo da tiyon fetur cikin mota. In allura ta nutse kafin fizgar ta zo, mai ne. In tana nan daram mota ta fizga, na sallama.

Malam mai mota, ka kuma duba ko robar cikin tiyon regileta tana da ɗanshin fetur. In akwai, fatar regiletan ta fashe.

Baban Gareji:
Haka ne Oga, gejin ne zai raba gardama, ni ma abin da na fara faɗa ke nan. Inda muka bambanta shi ne abin da za a fara da shi. Matsin mai in ya faɗi, silinda huɗun yake shafa tare. In na'ura ta kama silinda ɗaya ko biyu, famfo ya fita daga zargi ko da ba a kwance komai ba.

Malama Injiniya:
Akwai hanyar da za ta raba ku ba tare da an buɗe layin mai ba, wato lambobin gyaran mai da ke kan na'ura, STFT (gyaran nan take) da LTFT (gyaran dogon lokaci). Ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin riƙe iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya a ma'aunin nauyi. Sensar oksijin ce ke gaya mata ta yi daidai ko ba ta yi ba, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage. Haɗa lambobin biyu. In jimlar ba ta wuce 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, mai ba shi ne babban abin zargi ba.

In ta wuce, a duba inda ta wuce. Idan a silo tana kai +20, da an ɗaga juyi zuwa 2,500 ta sauko kusa da sifili, iska ce ke satar hanya: tiyo ya tsage, ko gasket ɗin manifol ya saki. A silo iskar da injin ke ja kaɗan ce, don haka ɗan ɗigon ya zama babban kaso, a sama kuwa ya ɓace cikin yawa. Idan kuma a silo lafiya, sai an taka ne lambar ke hawa, to mai ne ba ya isowa, ko sensar auna iska ta yi datti tana ƙirga ƙasa da abin da ya shiga.

A yi hattara da abu ɗaya. Silindar da ta yi misin tana tura iskar da ba ta ƙone ba cikin salansa, sensar oksijin ta gani ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Don haka a karanta lambar kafin fizga ta fara, ba a tsakiyarta ba.

Kuma a san cewa ƙwaƙwalwa ba ta ganin wuta a cikin silinda. Saurin juyin kiranshaf, sandar da fistan ke juyawa, take aunawa: duk silindar da ta buga tana ƙara masa ɗan sauri, wadda ba ta buga ba sai ya ɗan yi jinkiri. Shi ya sa P0304 ke nufin silinda ta huɗu ba ta yi aiki ba kawai, ba ta faɗin dalili. A tsofaffin motoci ma wani lokaci takan ɗora wa maƙwabciyarta a jerin bugu.

Ɗan Koyo:
Oga, ba za a iya zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya injin yana aiki a ji wadda ba ta canza sauti ba?

Mai Rewaya:
Wannan na silindar da ta mutu gaba ɗaya ne. Motar nan a silo huɗun suna aiki, duk wadda ka zare sauti zai canza, ba ka koyi komai ba. Sannan zare waya a motar da ke da wutar lantarki ta zamani yana da illa: koyil zai ɗaga wuta iya ƙarfinsa yana neman inda zai sauke, in bai samu ba ya huda kansa ko ya ƙone na'urar lantarkin da ke kunna shi, ko ya sauke a hannunka. In kana son kashe silinda don gwaji, zare soket ɗin injekta, ya fi lafiya, kuma ba ka zuba ɗanyen mai a katalis ba.

Mai Tsohuwar Mota:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da aka samu. Tana da soket ɗin. P0300 a ajiye, P0304 da P0301 suna jiran tabbaci. Bayanan lokacin: juyi 1,900, zafin ruwa digiri 92, gudu kilomita 70, nauyi 78 cikin ɗari, STFT +2, LTFT +5. An ɗaura geji: bar 2.6 a silo, 3.1 da aka zare tiyo, kuma a hawan ta fizga sau biyu allura tana kan 3 ba ta motsa ba. A giya ta uku da totur sosai ba ta yi ba.

Tsohon Hannu:
To, famfo ya kuɓuta. A bar shi a tankinsa.

Baban Gareji:
Madalla. Ɗaya da huɗu ba haɗuwar sa'a ba ce. Yawancin injin silinda huɗu jerin bugunsa 1-3-4-2 ne, fistan na ɗaya da na huɗu tare suke hawa tare suke sauka, haka na biyu da na uku. A tsarin koyil biyu irin naka, koyil ɗaya ne ke ba 1 da 4 wuta a lokaci guda. Wadda ke kan matsi ta ƙone mai, wadda ke fitar da hayaƙi tartsatsinta ya tafi a banza.

Abin lura, hanyar wutar guda ɗaya ce a jere. Ta fita daga baki ɗaya na koyil, ta bi waya, ta tsallake fulogi na farko, ta ratsa ƙarfen kan injin, ta tsallake fulogi na biyu ta baya, ta dawo ta ɗaya wayar. Ma'ana, lalacewar waya ɗaya ko fulogi ɗaya na iya taɓa silinda biyun. Don haka kada a ce tunda 1 da 4 ne shi ke nan koyil ne. Abin zargi biyar ne: koyil, waya biyu, fulogi biyu.

Fara da ido, injin a sanyi. Zare wayar 4 da ta 1, haska tocila cikin ramin fulogi. Baƙin mai ko ruwa a ciki shaida ce. Fito da fulogin ka dubi farin tangaran ɗin da roba ke rufewa. In ka ga baƙin layi siriri kamar zanen fensir daga sama zuwa ƙasa, wanda farce ba ya kankare shi, hanyar da wuta ta ƙona wa kanta ce. Irin layin yana nan a cikin robar wayar ma. In aka canza fulogi aka bar robar, tsohon layin zai zana sabo a kan sabon fulogi cikin 'yan makonni, kuma ina zargin abin da ya faru da kai ke nan. Auna tazarar bakin fulogi da fila geji. Yawancin motocin wannan zamani tsakanin milimita 0.8 zuwa 1.1 suke, takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet za ta faɗi naka. Sabon fulogi ba hujja ba ce cewa tazararsa daidai take.

Mai Rewaya:
Wayoyin kuma a auna su da mita. Kamfanoni da dama iyakarsu om 25,000 ga kowace waya, lambar doguwar waya takan ɗan fi ta gajeriya. Amma kada a auna ta a miƙe kawai. Riƙe bakunan mita, wani ya riƙa lanƙwasa wayar a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Cikinta ba jan ƙarfe ba ne, zare ne mai gawayi, in ya karye yakan haɗu in tana kwance ya rabu in ta motsa. Lambar da ke tsalle ta fi lambar da ta yi yawa tona asiri.

Koyil kuwa, ana auna naɗin farko a samu wajen om 0.5 zuwa 2, na biyu wajen om 6,000 zuwa 15,000, gwargwadon irinsa. Sai dai ni ban cika dogara da wannan awon ba. Mita da 'yan volt kaɗan take gwaji, koyil kuma a volt dubu ashirin yake gazawa. In mita ta ce ya lalace, ya lalace. In ta ce lafiya, ba ta ce komai ba.

Gwajin da ya fi: bari injin ya yi zafi sosai, a kai motar wuri mai duhu amma mai iska, a sa ruwa a kwalbar feshi, a fesa raɓa-raɓa a kan waya ɗaya bayan ɗaya, sannan kan koyil. Ka saurari ƙas-ƙas, ka nemi shuɗin tartsatsi, ka ji ko injin ya yi tuntuɓe. Hannu da hannun riga su yi nesa da bel da fanka, domin fankar lantarki tana tashi ba sallama. Kada a yi wannan da fetur ko man wanke kafireta a kusa da wayoyin da ake zargi.

Ɗan Koyo:
Malama, in an musanya koyil biyun kuma an mayar da fulogin 4 zuwa 2 a lokaci ɗaya, ai an rage aiki ko?

Malama Injiniya:
An rage aiki, an ƙara ruɗani. Koyil ɗin da ake zargi zai koma kan 2 da 3, fulogin da ake zargi shi ma yana kan 2. In P0302 ta fito, wa za ka kama? Abu ɗaya ake motsawa, a goge lambobi, a koma hawan nan da zafin nan da giyar nan, a sake karantawa. Tunda ciwon ba kullum yake zuwa ba, fita ɗaya babu fizga ba ta isa hujja ba, a maimaita sau uku ko huɗu. A fara da musanya koyil in soket ɗinsu da mazauninsu iri ɗaya ne, a tabbatar kowace waya ta koma inda ya dace, 1 da 4 a soket ɗinsu, 2 da 3 a nasu. Ciwo ya bi koyil, koyil ne. Ya zauna a 4, saura waya, fulogi, injekta, ko silindar kanta. Injekta ana auna shi da zafi, irin na yawancin motocin nan om 12 zuwa 16 ne, kuma huɗun su zo kusa da juna.

Tsohon Hannu:
Tunda za a fito da fulogi, a auna matsin silinda a huta. Kilomita 280,000 ba wasa ba ne, kuma bawul ɗin da ya fara ƙonewa ko wanda tazararsa ta rufe yakan fara ne da irin wannan zuwa da tafiya kafin ya zauna. Injin da ɗumi, a cire fulogi huɗun, a zare fiyus ɗin famfon mai da soket ɗin koyil, totur a buɗe har ƙasa, a ba kowace silinda bugu biyar ko shida. Lafiyayyen inji yakan ba da bar 10 zuwa 13. Abin dubawa shi ne bambanci, kada wata ta gaza sauran da fiye da 10 cikin ɗari. Wadda ta gaza a zuba mata baƙin mai mililita 5 a sake. In ta hau sosai, ring ɗin fistan ne. In ba ta motsa ba, bawul ko gasket.

Gejin zuƙar iska ma yana da amfani, kuma shi yana gani injin na aiki. A silo allura ta tsaya tsakanin inci 17 zuwa 21, tana raguwa wajen inci ɗaya a duk mita 300 na tudu sama da teku. In tana tsaye sai ta yi ƙasa farat ɗaya ta dawo, jefi-jefi, bawul ne ke maƙalewa.

Ga masu karantawa da ciwonsu ya sha bamban da na malam: misin da ke zuwa a daƙiƙu ashirin ko talatin na farko da safe ya ɓace, tare da ruwan lagireto da ke raguwa ba a ganin inda yake zuba, a zargi gasket ɗin kan injin. Ruwa ne ke tsiyaya cikin silinda da dare. Fulogin silindar zai fito fes kamar an wanke shi. Mai distiributa ya buɗe murfin ya duba tsaga da baƙin layi tsakanin bakuna, ya duba rota, ya girgiza sandar ya ji ko tana lilo. Mai tsohon tsarin fayint ya sa tazarar wajen milimita 0.4, kondensa kuma a canza shi tare, domin shi ma da zafi yake gazawa.

Mai Rewaya:
In ƙara ɗaya a kan na Oga. Idan injin gaba ɗaya ne ke yankewa kamar an kashe makulli an kunna, kuma allurar juyi ta faɗi ƙasa a daidai lokacin, wannan ba misin na silinda ba ne. A nemi sensar kiranshaf, wadda ta shahara da mutuwa in ta yi zafi ta farfaɗo in ta huce, ko rile ɗin da ke ba ƙwaƙwalwa wuta, ko wayar at, wato ta nagatif, da ke tsakanin injin da bodi. A auna daga kan batir na nagatif zuwa jikin injin yana aiki da fitilu a kunne, kada ya wuce volt 0.2. Mai giyar otomatik kuma da ke jin karkarwa tsakanin kilomita 60 zuwa 80, ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ba tare da ya saki totur ba. In ta ɗauke nan take, a duba kulocin cikin konbatan giyar kafin a ɗora wa injin laifi.

Mai Tsohuwar Mota:
Ga sakamako. Ramin fulogi na 4 akwai baƙin mai har ya rufe kan fulogin, sauran a bushe. Akwai baƙin layin nan a tangaran ɗinsa. Tazarar fulogai 1.3 aka samu, takardar bonet ta ce 1.1. Wayoyi: 1 om 14,000, 2 om 11,000, 3 om 9,000, ta 4 kuwa 38,000, da aka lanƙwasa ta kusa da kai sai mita ta nuna a yanke. Matsin silinda bar 12, 12.5, 12, 11.5. Injektoci duka om 14. Abin da ya ɗaure min kai: kafin a auna wayoyin an musanya koyil, an fita sau uku. P0304 tana nan, P0301 ta ɓace, amma P0303 ta fito. Ke nan koyil ne ko waya?

Baban Gareji:
Duka biyun ne, kuma ɗaya ne ya haifi ɗaya. P0304 ta zauna domin waya da fulogin 4 ba su motsa ba. P0303 ta fito domin koyil ɗin da ya koma kan 2 da 3 shi ma ya ji rauni. Ga yadda abin ya gudana: robar da ke kewaye ramin fulogi a murfin bawul ta taurare, baƙin mai ya taru, ya jiƙa robar waya ta kumbura ta daina kama tangaran. Zaren wayar ya karye, tazarar fulogi kuma ta yi faɗi. Kowanne daga cikin waɗannan yana tilasta wa koyil ɗaga wuta sama da ƙa'ida a kowane bugu, wata da watanni, har lulluɓinsa ya huje. Da ka sa sabon koyil kaɗai, wayar nan za ta kashe shi shi ma.

Aikin a bi shi haka. A tsotse man ramin kafin a sake kwance fulogi, kada ya gangara cikin silinda. A canza gasket ɗin murfin bawul tare da robobin ramuka huɗun, a ɗaure notocin a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ƙarfi kaɗan suke so. Wayoyi a canza saitin duka, shekarunsu ɗaya. Fulogin 4 ba ya wankuwa, layin ya ci cikin tangaran. Koyil ɗin da ya yi ciwo a canza, ɗayan a bar shi in feshin ruwa bai tona shi ba.

Malama Injiniya:
Game da fulogi, a sayi lambar da littafin motar ya faɗa. A tsarin koyil biyu, fulogi ɗaya a kowane haɗi wutarsa a juye take tsallakawa, don haka shi ƙugiyar gefensa ce ke cinyewa, ba tsinken tsakiya ba. In za a sa na filatinam, a nemi wanda ke da shi a bakuna biyun. Mai gefe ɗaya zai buɗe tazara da wuri a silinda biyu daga cikin huɗu. A ɗaura su injin a sanyi, a fara da hannu har su zauna, sannan sifana. Mai zaren milimita 14 da washa a kan aluminiyam wajen Nm 25 yake so. A shafa man silikon ɗan kaɗan a cikin bakin robar waya, ba a kan ƙarfen ba, a tura har a ji ta kama. Wayoyin su koma cikin maƙallansu, kada su kwanta a kan ƙarfe mai zafi ko su goga juna.

Bayan an gama a goge lambobi, a koma hawan a giya ta biyar da juyi 1,900 injin da zafi, kwana uku ko huɗu, a buɗe shafin lambobin da ke jira. In P0420 ta biyo baya cikin makonni, katalis ne ya ji jiki a lokacin da wuta ke ƙyaftawa. A shinshina sandar awon baƙin mai, in tana warin fetur a yi juye.

Tsohon Hannu:
Matsin silindar ya yi kyau, 11.5 da 12.5 bambancinsu bai kai 10 cikin ɗari ba. Amma tunda murfin bawul zai tashi, in injin mai gyaran tazara ne a zura fila geji a auna bawuloli duka da sanyi, a fi sa ido kan na hayaƙi a silinda ta huɗu, tunda ita ce ta ƙasa. Sannan a ciro bawul ɗin PCV, mai fitar da hayaƙin cikin injin, a girgiza shi. In bai yi kacau-kacau ba, ya toshe, a canza shi da tiyonsa. In ya toshe, hayaƙin cikin injin ba ya samun mafita, sai ya riƙa tura baƙin mai ta sabbin robobin ya sake cika ramin.